AC/DC da kundin Power Up: shekara 47 ba a sake wa tuwo suna ba

A watan Agustan 2018 wani hoto ya shiga yawo a intanet. Ba hoton a-zo-a-gani ba ne, wasu dattawa ne biyu a wajen wani situdiyo mai suna Warehouse a birnin Bankuba na ƙasar Kanada, an ɗauke su daga nesa. Ɗaya Brian Johnson ne, mawaƙin ƙungiyar kiɗan rok ta AC/DC, mutumin da shekara biyu kafin nan likitoci suka gaya wa cewa in bai sauka daga dandamali ba zai kurmance gaba ɗaya. Ɗayan kuma Phil Rudd, mai gangunan ƙungiyar, wanda kotu a Niyuzilan ta yanke wa ɗaurin talala na wata 8 a gidansa a 2015. A lokacin kusan kowa ya gama yi wa ƙungiyar jana'iza. Sai ga mutum biyun da aka cire rai da su a ƙofar situdiyo ɗaya.

Abin da suke ƙullawa a ciki bai fito ba sai ranar 13 ga Nuwamban 2020, duniya na tsakiyar annobar korona. Sunansa Power Up, kundinsu na 17, waƙoƙi 12 cikin minti 41. Ya hau matsayi na ɗaya a Amurka da Birtaniya da Ostiraliya da Jamus da wasu ƙasashe da dama. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne sharhin da ya biyo baya. Masu yabo suka ce wannan AC/DC ce sak, ba abin da ya canza. Masu kushe su ma suka ce wannan AC/DC ce sak, ba abin da ya canza. Magana ɗaya, wani ya faɗe ta da murna, wani da tsaki.

Su kansu 'yan ƙungiyar sun daɗe da mayar da zargin abin raha. Akwai wata amsa da ake yawan danganta wa Angus Young, mai jitar nan da ke sa kayan 'yan makaranta. Wai an ce masa sun yi kundi 11 duk sautinsu ɗaya, sai ya ce ya gaji da wannan ƙazafi, 12 suka yi. To amma raha ba ta amsa tambayar. Me ya sa ƙungiyar da ta kwashe kusan rabin ƙarni tana kiɗa ba ta taɓa sauya rawa ba, alhali kiɗan duniya ya sauya sau ba adadi? Lalaci ne, ko iyakar basirarsu ke nan, ko kuwa akwai wani abu da kunne ba ya kamawa a ji na farko?

Sai an koma gidansu kafin a gane. Malcolm da Angus Young 'yan Gilasgo ne a Sikotlan, iyayensu talakawa masu 'ya'ya da yawa, suka yi ƙaura zuwa Ostiraliya a 1963. A Sidni suka kafa ƙungiyar a ƙarshen 1973, Malcolm yana da shekara 20, Angus 18. Sunan ma daga gida ya fito, yayarsu Margaret ce ta ga haruffan a jikin keken ɗinki. Duk wanda ya taɓa haɗa sola da inbata ya san su: AC wutar da ke zuwa ta waya, DC wadda batir ke bayarwa. Waɗanda suka riƙa yaɗa cewa haruffan wani sirri ne na bautar shaiɗan a shekarun 1980 sun wahalar da kansu a banza. Kayan makarantar Angus ma shawarar Margaret ce.

Sai dai wanda ya fi kowa tasiri a kansu shi ne wansu George. Shi ya riga su shiga harkar, ya yi suna da ƙungiyar Easybeats a tsakiyar shekarun 1960, har waƙarsu ta yi tashe a Ingila. Ƙungiyar ta watse a 1969 da bashi a kanta. George ya dawo gida ya zama furodusa tare da abokinsa Harry Vanda, su ne suka ɗauki kundayen AC/DC na farko har zuwa 1978. Mutum ne da ya ga yadda ƙungiya ke ɓata idan ta shiga bin kowace iska, kuma ƙannensa sun taso suna kallon wannan darasi a cikin gida. Ga kuma makarantar da suka yi: mashayun unguwannin ma'aikata a Ostiraliya, inda 'yan kallo ba sa wasa, in kiɗa bai motsa su ba kwalba za ta biyo baya. Wanda ya koyi sana'a a irin wannan wuri yakan san abin da ke aiki, ya riƙe shi gam.

To mene ne abin da ke aikin? Mai kallon AC/DC a karon farko Angus zai gani, yana gudu daga wannan gefe zuwa wancan, yana girgiza kai, yana birgima a ƙasa da jitarsa ƙirar Gibson SG. Ka bar shi tukuna, ka duba bayansa kusa da mai ganga. Akwai wani ɗan ƙaramin mutum da doguwar suma ya rufe fuska, yana tsaye wuri ɗaya, ƙafarsa ɗaya na bugun ƙasa. In lokacin amshi ya zo sai ya tako zuwa makirfo, shi da Cliff Williams mai jitar bes daga ɗaya gefen, su yi amshin, su juya su koma inda suka fito. Haka za su yi ta yi har a tashi. Wannan shi ne Malcolm, kuma Angus da bakinsa ya sha faɗa cewa ƙungiyar ta Malcolm ce.

Jitarsa ma labari ce. Gretsch ce ƙirar 1963, Harry Vanda ya ba shi. Ya cire biyu daga cikin na'urori uku masu ɗaukar sautin tsirkiya, ya bar ramukan a fili, a wani lokaci har safa ya cusa a ciki don hana kuwwa. Ya kankare jan fentin sai da itacen ya bayyana. Tsirkiyoyinsa masu kauri ne, irin waɗanda sai an sa ƙarfi suke amsawa. Mutane da yawa suna zaton ƙarar AC/DC daga murɗa amfilifaya har ƙarshe take fitowa. Ba haka ba ne. Idan ka kwatanta da sauran masu kakkauran rok, sautin jitar Malcolm kusan tsaf yake, bai dagule ba. Ƙarfin daga hannunsa na dama yake zuwa.

Ginshiƙin kowace waƙarsu shi ne abin da makaɗan rok ke kira rif, wato ɗan gajeren zubin kiɗa da ake ta maimaitawa, kusan abin da makaɗanmu za su kira take. Ɗauki farkon Back in Black, wadda ko ba ka san sunanta ba wataƙila ka ji ta a buɗewar fim ɗin Iron Man na 2008. Bugu ɗaya, sai shiru. Bugu uku, sai shiru. Bugu uku, sai ɗan gudun yatsu, a dawo farko. Rabin taken shiru ne. A cikin wannan shirun ganga take samun fili, a nan kuma kan mai sauraro yake gyaɗawa. Sabon makaɗi tsoron shiru yake ji, sai ya cike shi da ƙarin bugu, taken ya mutu. Na sha jin samari a bidiyo suna buga wannan waƙa, ba su kuskure ko guda ba, amma babu rai a ciki, don sun iya bugawa ba su iya tsayawa ba.

Ga wani gwaji mai sauƙi. Sa abin sauraro a kunne biyu, ka kunna ɗaya daga cikin tsofaffin waƙoƙinsu. A mafi yawansu Malcolm yana kunnen hagu, Angus yana na dama. Cire na daman. Abin da ya rage ba shi da ado ko kaɗan, amma za ka ji waƙar tana nan a tsaye da ƙafarta. A ƙarƙashinsa Cliff yana ta bugun sauti ɗaya, dum dum dum dum, wani lokaci baiti guda bai motsa yatsa ba. Phil Rudd kuwa ƙafa ta bugi babbar ganga, hannu ya amsa da ƙarama, ba gaggawa, kamar yana ɗan jan ƙafa a bayan kiɗan. Ba ya zagaya ganguna don a san yana nan. Wannan ɗan jinkirin shi ke sa kiɗan ya yi rangaji maimakon ya yi fareti, gadon da suka ɗauko daga Chuck Berry da Little Richard da makaɗan bulus (blues) baƙaƙen Amurka. Shi ya sa har yau ba sa son a kira su 'yan hebi metal, su dai rok an rol suka ce suna yi.

Kunnen Bahaushe bai kamata ya sha wahalar gane wannan ba. Mamman Shata ya yi shekaru aru-aru da kalangu da 'yan amshi, ban taɓa jin wanda ya tuhume shi da cewa bai sa fiyano ba. Wanda bai saba ba zai ce duk waƙoƙinsa ɗaya ne. Wanda ya saba kuwa daga bugun farko ya san wacce aka sa.

Yanzu sai mu zo kan inda nake ganin masu yabo da masu kushe duk sun yi kuskure tare. Maganar cewa AC/DC ba ta taɓa canzawa ba ba gaskiya ce cikakkiya ba. Tsarin ginin ne bai canza ba, amma fenti da rufi da mazauna gidan sun sha canzawa.

Zamanin Bon Scott, daga 1974 zuwa 1980, wata ƙungiya ce dabam. Bon shi ma ɗan Sikotlan ne da ya girma a Ostiraliya, ya girmi 'yan gidan Young, ya ga rayuwa, ya yi aikin gidan waya da tuƙi, har gidan gyaran hali ya taɓa shiga yana matashi. Kalmominsa na ɗan tasha ne mai wayo: talauci, bashi, mata, giya, da yi wa kai dariya. Kundin Powerage na 1978 cike yake da irin wannan, kuma a ganina har yau ba su yi wanda ya fi shi ba. A 1979 kamfaninsu na Amurka ya matsa a sauya furodusa, aka kawo Mutt Lange, wanda ya goge sautin, ya faɗaɗa amshi, ya fitar da Highway to Hell. Ranar 19 ga Fabrairun 1980 aka tarar da Bon ya mutu a cikin mota a Landan bayan daren shaye-shaye, yana da shekara 33. Cikin wata 5 kacal suka ɗauko Brian Johnson daga yankin Niyukasil, suka tafi tsibirin Bahamas, suka fito da Back in Black, wanda aka ƙiyasta ya sayar da kwafi wajen miliyan 50. Muryar Brian ba ta kama hanyar ta Bon ba. Bon yana ba ka labari yana kashe ido, Brian kuwa ihu yake kamar ana yanka ƙarfe.

Bayan nan ma an yi ta hawa da sauka. A 1983 da 1985 suka ɗauki kundaye biyu da kansu ba furodusan waje, na farko ya fito a bushe, na biyu kuma murya ta nutse cikin kuwwa, ciniki ya faɗi. A 1990 Bruce Fairbairn ya dawo da su kasuwa da The Razors Edge, mai ɗauke da Thunderstruck, sauti mai sheƙi, da Chris Slade a kan ganga, wanda bugunsa ya fi na Rudd kaifi da sauri. Daga wannan kundin ne kuma Brian ya daina rubuta kalmomi, Angus da Malcolm suka karɓa, kuma gaskiya tun daga nan kalmomin suka rame. A 1995 suka gwada Rick Rubin, aikin ya ja lokaci, ba su sake komawa wurinsa ba. A 2000 George ya dawo ya yi musu kundi mai ƙamshin bulus. Wanda ya jera waɗannan ya saurara ba zai ce ɗaya ba ne. Abin da bai motsa ba tun 1973 shi ne hannun daman Malcolm.

Shi ya sa Power Up ya zama gwaji na gaske, don hannun ba ya nan.

Tun lokacin da suke shirya kundin Black Ice na 2008 alamun ciwon mantuwa suka fara bayyana a jikin Malcolm. Angus ya faɗa daga baya cewa a rangadin da ya biyo, kafin kowane wasa sai wansa ya zauna ya sake koyon waƙoƙin da shi ya ƙirƙira, waɗanda ya buga sau dubbai. Wasansa na ƙarshe a Bilbao ne ta ƙasar Sifen, a watan Yunin 2010. A 2014 aka sanar ya ajiye aiki, aka kira ɗan wansu Stevie Young, wanda da ma ya taɓa riƙe masa wuri a 1988 lokacin da Malcolm ya je neman rabuwa da giya. Daga nan abubuwa suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Nuwamban 2014 aka kama Rudd, daga baya ya amsa laifin barazanar kisa da mallakar ƙwaya. Maris ɗin 2016 kunnen Brian ya tsayar da shi ana tsakiyar rangadi, aka ɗauko Axl Rose na Guns N' Roses ya ƙarasa. Satumban shekarar Cliff ya ce ya gaji, ya yi ritaya. George ya rasu a Oktoban 2017. Ba a yi wata guda ba, ranar 18 ga Nuwamba, Malcolm ya bi shi yana da shekara 64. Angus ya rage shi kaɗai.

Abin da ya yi shi ne ya koma rumbu. Shi da Malcolm sun shekara da shekaru suna tara take a kaset da faifai, musamman a tsawon lokacin da suka yi ba kundi kafin Black Ice. Ya zauna ya tace, ya zaɓo waɗanda ya san wansa yana so. Shi ya sa duk waƙoƙi 12 na Power Up an rubuta Angus da Malcolm Young ne suka tsara su, duk da cewa babu bugun Malcolm ko ɗaya a ciki. Angus ya ce kundin sadaukarwa ne ga wansa kamar yadda Back in Black ya kasance ga Bon. Brian ya dawo bayan wani ƙwararre kan na'urorin sauti, Stephen Ambrose, ya yi ta aiki da shi a kan wata na'urar kunne har ya koma jin kiɗa. Rudd ya gama da kotu. Cliff ya ce in waɗannan biyun sun dawo shi ma ya dawo. Cikin kusan mako 6 suka ɗauki aikin, da furodusa Brendan O'Brien da injiniya Mike Fraser, waɗanda suka yi musu kundaye biyun da suka gabata. Ranar da kundin ya fito Brian yana da shekara 73, Cliff 70, Rudd 66, Angus 65, Stevie 63.

Na saurare shi sau da yawa, kuma ra'ayina bai sauya sosai ba daga na makon farko. Kundi ne mai kyau, ya fi Rock or Bust na 2014 nesa ba kusa ba, kuma ya fi Black Ice tsari, don wancan waƙoƙi 15 ne, ya yi tsawo har ya gundura. A nan kowace waƙa kusan minti 3 ce zuwa 4, ta shigo, ta yi abin da ya kawo ta, ta fita. Stevie bai yi ƙoƙarin nuna kansa ba, ya tsaya a sawun baffansa, kuma wannan shi ne babban yabon da za a yi masa. Dawowar Rudd kuwa ana jin ta tun daga waƙar farko, rangajin nan yana nan daram. Abin mamakin shi ne Brian. O'Brien ya san yadda zai ajiye masa waƙa a inda muryarsa take da ƙarfi, ba ya tura shi can sama inda za ta tsage. A farkon Demon Fire har ƙasa ya sauko yana gurnani kafin kiɗan ya ɓalle da gudu.

Shot in the Dark, wadda suka fara saki a watan Oktoba, ita ce misalin abin da ake zarginsu da shi, don kafin amshi ya zo ka riga ka san inda zai faɗa. Amma Through the Mists of Time wani abu ne da ba su saba yi ba. Akwai taushi a cikinta, akwai waiwaye, dattawa ne suna tuna zamanin da ya wuce da waɗanda suka tafi. A ƙungiyar da ta shekara 47 tana gudun nuna rauni, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ita ce waƙa ɗaya a kundin da matasa 'yan shekara 25 ba za su iya yi ba.

Rauninsa kuwa a fili yake. Kashi na biyu yana da waƙoƙi uku ko huɗu da in aka musanya sunayensu ba wanda zai lura. Kalmomin kuma su ne dai: wuta, shaiɗan, mata, bindiga, hatsari, da habaicin batsa wanda a bakin Bon yana da ban dariya, a bakin ɗan shekara 73 kuwa sai a hankali. Wanda ke neman ma'ana a baitukan AC/DC na bayan 1990 ya ɓata hanya, kalmomin wani kayan kiɗa ne kawai, an zaɓe su don yadda suke fashewa a baki. Akwai kuma abin da ya tafi wanda ba furodusan da zai dawo da shi. A 1977 in ka saurare su kana jin kamar motar za ta kife a kwana. A 2020 direban ya ƙware, motar lafiya lau, ba ka jin tsoro ko kaɗan.

To me ya hana su gwada wani abu? Ai sun ga 'yan uwansu sun gwada. Kiss ta shiga kiɗan disko a 1979. Van Halen ta ɗora babbar waƙarta ta 1984 a kan kibod. Aerosmith ta samu matsayi na ɗaya a Amurka a 1998 da waƙar soyayya mai sanyi wadda wata ce ta rubuta musu. Metallica ta aske suma ta sassauta sauti a 1996, masoyanta suka rabu biyu. Wasu sun ci riba, wasu sun yi asarar mutuncinsu a idon magoya baya na asali. AC/DC ta isa Landan a 1976 ana tsakiyar tashen kiɗan fank (punk), 'yan jarida suka so cusa su a ciki, suka ƙi. Zamanin makaɗan rok masu gashi da kwalliya ya zo ya wuce, na salon giranj ya zo ya wuce, suna nan inda suke. Taurin kan bai tsaya a kiɗa ba. Ba su sa waƙoƙinsu a iTunes ba sai 2012, don ba sa son a riƙa tsintar waƙa ɗaya-ɗaya daga cikin kundi. Manhajojin sauraro kai tsaye kuwa sai 2015. Black Ice a Amurka shagunan Walmart kaɗai suka ba wa, kuma duk da haka ya sayar da kwafi 784,000 a makon farko.

A nan akwai lissafin kasuwa, kada mu yaudari kanmu. Sunan AC/DC ya zama kamar tambarin kaya, mai saye ya san abin da ke cikin kwalin kafin ya buɗe. Uba ya kawo ɗansa filin wasa, ɗan ya kawo jika, kowa da ƙahon roba mai walƙiya a ka, kuma ba wanda ya zo don a ba shi mamaki. Sai dai ban yarda kuɗi kaɗai ne ya riƙe su ba, don a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da ciniki ya faɗi kuma kuɗin yana wajen masu sassautawa, ba su sassauta ba. Abin da na fi gaskatawa shi ne sun ɗauki kansu masu sana'a, irin maƙerin da ya san lauje ɗaya yake ƙerawa, burinsa na yau ya fi na jiya kaifi. Takura kai a cikin da'ira ƙarama haka yana da wuya fiye da yadda ake zato. Sautuka uku ko huɗu ne a hannunka, bugun ganga ɗaya, kuma ana so ka fito da take na 200 wanda bai zama kwafin na 50 ba. Ƙungiyoyi da yawa sun kwaikwaye su, a Ostiraliya da Turai, da jita iri ɗaya da amfilifaya iri ɗaya. Kunne yana ganewa cikin daƙiƙa 10.

Abin da Power Up ya tabbatar shi ne tsarin Malcolm ya iya rayuwa bayan mai shi, aƙalla sau ɗaya. Amma a lura da sharuɗɗan: taken nasa ne, mai bugawa jininsa ne da ya taso yana kallon hannunsa, sauran huɗun kuma mutanen da suka yi shekaru a gefensa ne. Gado ake ci. An sa kundin cikin takarar lambar yabo ta Grammy ta 2022 a rukunin kundin rok, bai ci ba. Korona kuma ta hana su fita rangadi, ta cinye musu shekara 3 a lokacin da ba su da shekarun zubarwa.

Sai a Oktoban 2023 suka sake hawa dandamali, a wani biki a hamadar Kalifoniya, bayan shekara 7. Rudd bai zo ba, Matt Laug ne a kan ganga. Da aka buɗe rangadin Power Up ranar 17 ga Mayun 2024 a Gelsenkirchen ta Jamus, Cliff ma ba ya nan, Chris Chaney ya karɓi bes. Cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Angus kaɗai ya rage, sumarsa ta yi fari fat a ƙarƙashin hular makaranta. A waƙoƙi fiye da 20 da suka riƙa bugawa kowane dare a 2024, biyu ne kawai daga kundin da aka sa wa rangadin sunansa, Demon Fire da Shot in the Dark. Mafi yawan sauran daga 1975 zuwa 1981 suka fito. A bayan Angus, kusa da mai ganga, Stevie yana tsaye da Gretsch a wuya. Amshi ya zo, ya tako zuwa makirfo, ya yi, ya juya ya koma wurinsa.